Hitar Maman Hope

Akwai wani direban Keke Napep a unguwar Barkin Sale mai suna Ladan, mutum ne mai riƙo. In ka taka shi yau, ko bayan shekara sai ya rama.

Gidan haya suke, tankin ruwa ɗaya. Wata rana ya wanke Kekensa har tankin ya ƙafe, sai maƙwabciyarsa Rhoda, wadda ake kira Maman Hope, ta yi masa faɗa a gaban 'yan haya. Ladan ya rantse a ransa sai ta gane kurenta.

Rhoda tana da hitar ɗumama ruwa a banɗaki, irin ta jikin bango. Ladan ya taɓa jin cewa in hita tana kunne babu ruwa a cikinta, ƙonewa take yi. Da sassafe ya zagaya bayan tanki da sifana, ya ɗaure makullin bututun da ke kai mata ruwa. Ruwan cikin hitar ya tsiyaye, aka kawo wuta, ta ƙone. Da yamma ya kwance makullin kamar ba shi ba.

Rhoda ta kira Gaiya mai gyara. Ya duba makunni, ya duba waya, ya sauya ƙarfen da ke ɗumama ruwan. Ladan yana kallo daga ƙofarsa, daɗi kamar ya taka rawa. Bayan kwana biyu ya sake, ta sake ƙonewa.

A lokacin matarsa Lailatu tana cikin jego, ga damina ta zauna. Ladan kuwa fita yake tun da safe, bai taɓa tambayar yadda take samun ruwan wanka ba.

Ran nan ya dawo ya tarar da ita a ƙudundune tana rawar sanyi, jariri yana ta tsala kuka.

Ya ce, "Lafiya? Me ya same ki?"

Ta ce, "Maigida, itacen da ka kawo jiƙaƙƙe ne, ba ya kamawa. Tun da na haihu Maman Hope ce ke kawo mini ruwan zafi daga hitarta. Yanzu ta lalace, shi ne nake yi da na sanyi. Allah ya isa tsakanina da duk abin da ya ƙona ta."

Kafin Ladan ya buɗe baki aka yi sallama. Rhoda ce, ɗauke da bokitin ruwa yana tururi, wanda ta dafa a kan gas ɗinta.

Ta ajiye, ta dube shi ta ce, "Malam Ladan, yau Gaiya ya bi bututu har bayan tanki. Ya ga baƙin man inji a makulli. Gidan nan mutum ɗaya ne ke taɓa inji."

Lailatu ta ɗago kai ta zuba wa mijinta ido.

Rhoda ta ce, "Ni da kai ne muka yi faɗa. Wannan yaro bai yi mini komai ba. Tashi, 'yar'uwa, kafin ruwa ya huce."

Ta kama Lailatu suka wuce banɗaki, suka bar shi tsaye da jaririn da ya ƙi yin shiru a hannunsa.

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don ba ka san wanda zai faɗa ba. Wanda kake shirya wa ramuwa, wataƙila shi ke rufa wa gidanka asiri. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani mai riƙo zai sauke nasa.