Kurege da Fararen Duwatsun Tafkin Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

Wani attajiri ne, Jatau Mai-Raƙuma, yake da tafkin wanka a bayan gidansa. Tun kakanninsa tafkin yake nan, kewaye da fararen duwatsu irin na farar ƙasa, a jere reras. Ana nan, ana nan, sai duwatsun suka dafe, gansakuka ta hau su, wasu kore, wasu baƙi ƙirin. Jatau ya ce duk wanda ya mayar da su fari, buhun gyaɗa nasa ne.

Kurege ya ji maganar gyaɗa, sai ga shi a zaure.

"Ranka ya daɗe, ai wankin dutse gadonmu ne."

Jatau ya ba shi toka da sabulun salo da soso. Ya ce, "A hankali ake cuɗawa. Kada ka kuskura ka sa tsami, tsami cin irin wannan dutse yake yi."

Kurege ya tafi da rana tsaka. Wurin tsit, ko tsuntsu ba ya ratsawa ta sama. Ruwan a kwance, ba ya ko motsi. Ya cuɗa, ya cuɗa, dutse ɗaya bai fita ba, hannu ya gaji. Ya waiga, ba kowa. Sai ya jiƙo tsamiya ƙwarya guda ya kwarara.

Dutse ya ce cuuu, ya hau kumfa.

Sai ƙasa ta yi shiiiii, kamar mutum ya ja iska ta haƙora. Duwatsun can gefe suka fara tasowa, na nan gefe suka fara tasowa. Ruwa ya miƙo kamar harshe, ya naɗe ƙafar Kurege. Sanyi ƙalau.

Wata murya ta fito daga ƙasa, muryar tsohuwa: "Wa ya kashe mini haƙora?"

Ashe tafkin baki ne. Ashe duwatsun haƙora ne.

Kurege ya ce, "Iya, ni ne, jikanki."

"Ba ni da jika. Tauna ka zan yi."

"Ki tauna, Iya, wa zai hana ki? Amma da haƙoran da tsami ya kashe? Ni duk ƙashi ne. Ke za ki sha wuya, ba ni ba. Bari in wanke miki su tukuna."

Sai ta ce, "Wanke."

Kurege ya ɗauki toka da sabulu, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya cuɗa, ya ɗauraye. Harshen ruwa na riƙe da ƙafarsa, duk inda ya matsa yana biye. Ya sakace gansakuka daga tsakanin duwatsu, har da wani ɗan awarwaro da ya ƙi tambayar na wace ce. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa aiki irin na ranar ba. Kafin la'asar duwatsu sun yi fari fat.

Ta ce, "To, matso."

"Haba Iya! Da danshi? Idan kika rufe baki yanzu, gansakuka za ta dawo. Ki buɗe su sha rana. Sake ni in hau katanga in duba miki, da sun bushe zan gaya miki."

Harshe ya saki. Kurege ya haye katanga, ya dira ta baya, sai zaure.

Jatau ya leƙa ya ga fari, ya ba da buhun gyaɗa, ya ce, "Ba ka ga wata matsala ba dai?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe. A yi wanka lafiya."

Ya ja buhunsa, ya haƙa rami can nesa da duk wani ruwa, ya shige.

Har yau Jatau yana wankansa. Sai dai in rana ta take, yakan ji kamar wani a ƙarƙashinsa yana tambaya a hankali: "Sun bushe?" Shi kuwa ya ɗauka kwaɗo ne. Ranar nan har ya fara tunanin ya amsa.

Ƙurunƙus! Wanda zai shiga tafki, ya fara tambaya ko tafkin ya karya kumallo.