Jimillar Da Abu Ghassan Ya Kasa Taɓawa

Akwai wani tsohon kafinta a unguwarmu nan Zarƙa ta ƙasar Jordan, ana ce masa Abu Ghassan. Rabin kicin ɗin layinmu shi ya haɗa, har da nawa. Tun da abin nan ya faru nake son rubuta muku, in na ɗauki waya sai in sake ajiye ta.

Cinikinsa ba gaggawa. Zai zaunar da kai, ya zuba gahawa, ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya: katako kaza, marmara kaza, hannun ƙofa kaza. In an zo kan kuɗin aikinsa sai ya dubi fuskarka. A nan yake ragi. Ba ya taɓa kuɗin kaya, daga guminsa yake yanka wa mutum.

Ɗansa Ghassan ya gama karatu, ya dawo shagon da kwamfuta. Yana da ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya sa manhaja mai fitar da takardar farashi. In ka zaɓi kicin, ita za ta tattara kuɗin katako da marmara da na aiki, ta dunƙule su jimilla ɗaya a ƙasa. 'Yata ce ta yi min bayani, wai mai saita ta shi ke zaɓar ko mai saye ya ga kowane layi ko jimillar kaɗai, shi ke kuma zaɓar wanda zai iya taɓa ta.

Ghassan ya ɓoye layukan, ya kulle jimillar, sunansa kaɗai ya sa.

Ya ce wa ubansa, "Yaba," wato Baba, "kai in aka bar ka, shagon ma kyauta za ka bayar, ka ɗora da gahawa."

Tsohon ya yi dariya. "Da kyautar aka kai ka jami'a, malam injiniya."

Ana haka sai ga Abu Nayif, amininsa tun ƙuruciya, ya zo a haɗa wa 'yarsa kicin ɗin aure. Aka yi ta tsokana.

"Har yanzu kana ganin kan ƙusa, tsoho, ko yatsanka kake bugawa?"

"Ina gani. Sanƙonka ma tun daga bakin titi na hango shi."

Takarda ta fito da lamba ɗaya tak. Abu Ghassan ya sa tabarau yana neman layin kuɗin aikinsa, bai gani ba. Ya kira ɗansa.

"Cire min kuɗin hannuna. 'Yar Abu Nayif 'yata ce."

Ghassan ko ɗago kai bai yi ba. "Ba a raba jimilla, Yaba. Haka na saita ta."

"To buɗe min."

"In na buɗe yau, gobe duk Zarƙa 'ya'yanka ne. Na'ura ba ta san abota ba."

Abu Nayif ya ce ba komai, ya biya yadda takarda ta ce, ya fita da sauri don kada ya dubi idon amininsa.

Tun ranar Abu Ghassan bai ƙara zuwa shago ba. Bai yi faɗa ba, ya ce gwiwa ce. Matarsa, Umm Ghassan, ta gaya min kullum da safe sai ya sa rigar aiki, ya zauna a baranda yana kallon titi har azahar, sannan ya cire.

Abu Nayif ya kasa jurewa. Ya je shagon, Ghassan ya tarbe shi, ya miƙa masa finjalin gahawa. Dattijon ya karɓa, ya ajiye a kan tebur bai kurɓa ba. A al'adarmu, baƙon da ya yi haka da buƙata ya zo.

"Ammo, baffana, lafiya? Sha gahawarka."

"Ba zan sha ba sai an biya min buƙata. Ba kuɗina na zo karɓa ba. Mayar wa ubanka hannunsa a shagon nan. Bar shi ya iya yi wa mutum ragi."

Kunya ta kama Ghassan. "Sha, Ammo. Buƙatarka ta biya."

Ya sha, ya tafi da murna, har ya biya ya yi wa amininsa albishir. Washegari Abu Ghassan ya aske gemunsa, ya ajiye waya kusa da shi.

Ghassan bai ƙi ba, wallahi. Cewa ya yi sai ƙarshen wata, kada lissafi ya rikice. Wata ya ƙare, aiki ya yi yawa, ya ce sai an gama na wani otal. Uwarsa ta tuna masa, ya ce, "Yamma," wato Mama, "abin minti ɗaya ne fa, ba guduwa zai yi ba."

Kuma minti ɗayan ne. Wata safiya ya zauna, ya fito da layin kuɗin aiki fili, ya sa sunan ubansa cikin masu iya taɓa jimilla. Ya tsaya ya sayi kunafa mai zafi, kayan zaƙin garinmu, ya nufi gida ya nuna masa.

Daga kwana ya hango takalma a ƙofa. Ina tsaye a wurin, ni na karɓi kunafar daga hannunsa. Tsohon ya cika a kan kujerarsa ta baranda, da rigar aiki a jikinsa.

A zaman makoki Ghassan da kansa ya zaga da gahawa. Da ya zo kan Abu Nayif, dattijon ya karɓa ya shanye, ya ce a hankali, "Wannan ta ubanka ce. Waccan da na sha a shagonka, har yanzu tana maƙale a wuyana."

Sunan Abu Ghassan na nan a cikin manhajar. An ce Ghassan ya hana a goge. Ba wanda ya taɓa shiga da shi.

Ni ma ina da ɗa mai karatun kwamfuta. Jiya ya karɓi wayata ya ce, "Kawo, ba za ki gane ba." Na yi dariya, amma sai na tuna Abu Ghassan.

Darasi: 'Ya'yana, ku gyara sana'ar iyayenku, amma kada ku ɗaure musu hannu a cikinta. Alherin da tsoho yake yi shi ne mutuncinsa, in ka hana shi ka karya shi. Kuma abin minti ɗaya da za ka yi wa mahaifi, yi shi yau, tsoho ba ya jiran ƙarshen wata. Ku tura wa duk mai iyaye a raye, ku sa Abu Ghassan a addu'a.