Ƙunshin Igiyar Nomau

An yi wani mutum, jama'a, a zamanin da fatake ke ratsa ƙasashe da jakuna da raƙuma. Sunansa Nomau. Wannan bawan Allah ba malami ba ne, ko baƙi bai iya haɗawa ba. Sana'arsa ɗinkin akumari a bakin zango, shimfiɗar nan da ake ɗora wa jaki kafin a aza masa kaya.

To fatake suna da wani hali. In bayan jaki ya yi miki har ya kasa, sai a sauke kayan a bar shi nan, ayari ya wuce. Nomau ne mai tsintarsu. Ya wanke mikin, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya yi ta jinya har dabba ta miƙe.

Ku saurara. Da yake zango matattarar labari ce, sai Nomau ya riƙa jin ashe akwai irinsa a wasu ƙasashe. Akwai mai jinyar raƙuma a Agadas, akwai mai ɗorin dawaki a Barno, akwai kuma wata tsohuwa can hanyar Gwanja, Tabawa, mai tattara jakunan da aka yar. Bai taɓa ganin ko ɗayansu ba. Amma ayari ba ya tashi bai ba da saƙo ba: a kai wa wannan magani, a gaya wa wancan dabarar da wane ya gano. Shi ya zama mahaɗarsu.

Ran nan wani falke ya kawo saƙon Tabawa. Ta ce, "Ku gaya wa Nomau na gaji. Manya da yara uwar jakuna mahaukaciya suke kirana. Ni kaɗai ce mai wannan wauta a duniya. In damina ta sake faɗuwa zan kora su daji in huta."

Daji kuwa kun san kura ce ke jira. Nomau ya yi tagumi, tausayinta ya kama shi har ya yi hawaye. Me zai aika mata? Dukiya babu, rubutu babu. Sai ya aika wa sauran cewa kowa ya turo masa igiyar dabbar da ta warke a hannunsa. Wata da watanni yana tarawa, ya haɗa da nasa, har suka yi ƙunshi guda.

Ga jarrabawar fa. Ayari ɗaya ya rage mai bin hanyar Gwanja kafin damina, na Madugu Jatau. Shi kuwa Jatau, bara Nomau ya daka masa tsawa a bainar jama'a, don ya jibga wa jaka mai ciki buhunan kanwa. Tun ranar ko sallamarsa ba ya amsawa.

Nomau ya ɗauki ƙunshi ya tafi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema, ka kai wa Tabawa wannan ƙunshi."

Jatau ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Au, limamin jakuna ne? Yau bakin ya mutu? To durƙusa a gaban mutanen da ka kunyata ni a gabansu, ka ce ƙarya ka yi."

Jama'a, a shekaru Nomau ya isa ya haifi Jatau. Zuciyarsa ta yi ta tafasa, tana ce masa ya juya. Amma ya tuna tsohuwar da ke can ita kaɗai. Ya cire takalmi, ya durƙusa a cikin ƙura da furfurarsa.

Ya ce, "Na ɗaga maka murya, ban kyauta ba, ka yafe mini. Amma jakar nan ciki gare ta, Madugu. Wannan kam ba zan ce ƙarya na yi ba."

Jatau ya yi tsaki, ya fizge ƙunshin, ya cusa a cikin kaya.

Nomau ya yi ta jira bai san abin da ake ciki ba. Sai bayan wata bakwai ayari ya dawo. Madugu da kansa ya zo rumfarsa, ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Baba, na kai. Na tarar har tsohuwar ta fara kwance jakunan. Ta buɗe ƙunshin ta ce mene ne wannan? Na ce wannan ta raƙumi ce daga Agadas, wannan ta doki daga Barno, waɗannan na Nomau. Ta kifa fuskarta a cikin igiyoyin nan ta yi kuka, tana cewa ashe tana da dangi. Ta mai da jakunanta turke. Ina shirin tafiya sai ta ce, ɗan nan, wancan jakin naka yana ɗingishi, kawo shi."

Nomau ya ce, "Ka kai?"

Madugu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na kai, Baba."

To kun ji. Dabba amana ce, ba ta da bakin kai ƙara sai wurin Wanda ya halicce ta. Mai tsaya mata kuwa sau da yawa ba aikin ke karya shi ba, kaɗaici ne. A unguwarku akwai mai ajiye wa tsuntsaye ruwa, akwai mai tare amalanke in an yi wa jaki lodin zalunci, kuna yi masa dariya. Ku daina. Ku neme shi yau, ku ce masa ba shi kaɗai ba ne, ko da faɗar hakan za ta taɓa girmanku. Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya tausaya mana ranar da za mu fi kowa bukata.