Takobin Kwali da Hannun Auta

Akwai wani kafinta da ba ya son hayaniya ko kaɗan. Idan ya shigo gida, hatta kyanwa sai ta nemi lungu.

Yana da ɗa da ake kira Auta, wanda ba abin da yake so a duniya kamar wasan takobi. Shi da abokansa sukan yanka kwali su yi takubba, murfin bokiti ya zama garkuwa, tsakar gida ta koma filin daga. A ganin Kafinta kuwa, wannan shirme ne tsantsa.

Wata rana Auta ya faɗo daga keke, ya karye a gwiwar hannun dama. Aka ɗaure a asibiti. Da aka kwance, ƙashi ya haɗe, amma hannun ya ƙi miƙewa.

Likita ya ce, "Dole ya riƙa motsa shi kullum. In ba haka ba gaɓar za ta ƙage, sai dai a yi masa aiki."

Hankalin Kafinta ya tashi. Sai ya ɗauki abin kamar aikin katako: a matsa, a danna, har ya miƙe. Kullum da safe ya tsayar da yaron jikin bango.

"Ɗaga hannun! Ƙara ɗagawa!"

"Baba, da zafi!"

Auta ya yi ta kuka, hannu kuwa ko kafaɗa bai kai ba. Kafinta ya kuma kafa doka: kada yaron da ya sake shigo masa gida, kada a fama karayar.

Gida ya yi tsit. Auta ya rame, ya koma zama a bakin taga rungume da hannunsa. Uban kuma a shago sai ya auna katako ya manta abin da ya auna.

Rannan ya dawo da rana tsaka ɗaukar zarton da ya mance. Tun daga ƙofa ya ji ihu.

"Na sare ka! Ka mutu!"

"Ƙarya ne, a garkuwa ta tsaya!"

Ransa ya ɓaci. Ya kutsa kai zai daka tsawa, sai matarsa ta riƙo masa riga.

"Baban Auta, don Allah kada ka yi magana. Dubi hannun."

Ya duba. Auta na tsaye kan benci, ya ɗaura tawul a wuya, takobin kwali a hannun dama. Hannun ya miƙe sama da kansa, yana kai sara yana ƙyalƙyala dariya.

Ta ce a hankali, "Ni na buɗe musu, na gaji da ganinsa a taga. Da hagu ya fara, sai suka yi ta kashe shi. Ka san zuciyar ɗanka, irin taka ce. Haushi ya sa ya mayar da takobin dama, kullum yana ƙara sama, shi bai ma lura ba."

Kafinta ya jingina da bango, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Wallahi tun ranar da yaron ya faɗo bai ji sanyi a ransa irin wannan ba.

Yaran suka hango shi, suka daskare. Babbansu, wanda suke kira Janar, har ya fara laluben takalminsa.

Kafinta ya sunkuya ya ɗauki takobin da wani ya yar. Ya ce, "Wane ne jarumin nan? Ya fito!"

Auta ya kalli uwarsa, ta gyaɗa kai. Ya diro daga benci, ya ɗaga hannun har ƙarshe, ya sauke kwalin a kafaɗar ubansa.

Ƙaton mutumin nan ya zube ƙasa warwas. Yara suka kaure da sowa. Yana kwance a ƙura, hawaye na gangara masa har cikin kunne.

Auta ya leƙa fuskarsa, ya zungure shi da takobi.

"Baba, gawa fa ba ta kuka."

Darasi: Wasan yara ba ɓata lokaci ba ne. Abin da tsawa ta kasa sa yaro ya yi, farin ciki kan sa ya yi shi da kansa. Mu sa musu ido, amma mu bar su su yi wasa. Ku tura wa duk uban da gidansa ya cika shiru.