Mutumin da Ya Kai Kulle Baljik

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Azarori. Ba za a faɗi sunansa ba, don danginsa suna nan da ransu. Manomin albasa ne, ɗan manomin albasa. Yana salla, yana azumi, ba ya shan giya, ba ya caca. An faɗi wannan tun farko don kada wani ya gyara zama ya ce labarin fasiƙai ne, bai shafe shi ba. Ya shafe ka.

Kamar sauran samarin Adar, da cin rani ya fara. Ya yi Abijan, ya yi Libiya, daga nan Allah ya ƙetarar da shi ruwa har ya faɗa Baljik. Ya sha wuya kafin ya samu takardun zama da aikin lodi a wani babban sito. Duk shekarun nan matarsa Jaratu tana gida. Ita ke ban ruwa a garkarsa, ita ke dama wa tsohuwarsa hura, ita ke kai albasa kasuwar Madawa. Ba a taɓa jin ta da wani abin kunya ba.

Da ya zauna da gindinsa, sai ya nemi a kawo masa ita, kuma ya yi daidai. Aurensu a ƙofar masallaci aka ɗaura shi, babu takarda, sai da aka koma meri, ofishin magajin gari, aka rubuta. Jaratu ta yi ta zarya Yamai, yau a ce hoto bai yi ba, gobe a ce a dawo wani wata. Ta jure har biza ta fito.

To amma kafin ta iso, shaiɗan ya riga ta. Ranar hutu maza kan taru a ɗakin wani su dafa shayi, hirarsu kuma ɗaya ce: mace in ta zo Turai idonta ya buɗe, ta koyi nasaranci, sai ta kai ƙarar mijinta, a kore shi daga gidansa. Kowa yana da labarin wani da ya ji a bakin wani. Mutumin nan ya sha shayin, ya sha hirar, tsoro ya zauna masa a ciki.

Tun a filin jirgi ya karɓe fasfonta ya sa aljihu. Da takardar zamanta ta fito, ita ma ya ɓoye. Ya ba ta salula marar layi, wadda ba ta kira sai ta intanet ɗin ɗakin, don ta riƙa gaisawa da gida kawai. In zai fita aiki sai ya kulle ƙofa ta waje. Sannan ya yi mata ƙarya. Ya ce a garin nan duk baƙar macen da 'yan sanda suka gani a titi ba miji, kama ta suke, su jefa jirgi, shi kuma su ɗaure shi. Jaratu ta yarda. Me zai hana ta yarda? Mijinta ne, shi ya san ƙasar.

A ransa bai ɗauki wannan zalunci ba. Kulle ya kira shi. Har yana jin daɗin kansa, wai ya tsare addini a tsakiyar Turawa.

Akwai wani dattijo a garin, Malam Isaka, mutumin Buza, wanda ya daɗe a can. Matarsa Ummusalma ta nemi a riƙa barin Jaratu tana bin ta ajin koyon harshe da masallacin Juma'a, mutumin ya yi ta kawo uzuri. Wata rana bayan salla Malam Isaka ya ja shi gefe.

Ya ce, "Ƙanena, wanga ba kulle ba ne. Kulle a gida akwai tsakar gida, akwai tsohuwarka, akwai maƙwabta ta kan darni. Nan mi ka bar ma ɗiyar mutane? Bango da talabijin da ba ta jin abin da yake cewa."

Mutumin ya ce, "Baba Isaka, kowa ya riƙa gidansa yadda ya iya. Taka da ta yi lakwal, ta sha boko, ga ta nan har kanti take zuwa ita kaɗai."

"Tana zuwa, tana kuma dawowa da cefane," in ji dattijon. "Ko sunan titinku ka koya mata?"

Mutumin ya yi dariya ya ce wanda ba ya fita, me zai yi da sunan titi? Daga ranar ya daina gaida Malam Isaka.

Haka aka ci sanyi, aka ci zafi, sanyi ya sake zagayowa. Jaratu ta rame, ta rage magana. In ta kira gida sai ta ce lafiya lau, don ba ta son tayar da hankalin uwarta. Shi kuwa da ya ga ta yi shiru sai ya ɗauka ta natsu.

Wata safiya ya karya kumallo, ya sunkuya zai ɗaura takalmi, sai ɗakin ya juya masa. Ya zube a bakin ƙofa. Hannun dama ya ƙi ɗaguwa, baki ya karkace. Ya so ya ce Jaratu ta kira motar asibiti, sai wani gurnani ya fito.

Ya 'yan uwa, ku tsaya nan ku duba. Hankalinsa bai gushe ba. Yana ji, yana gani. Lambar gaggawa tana cikin kansa, sunan titi yana cikin kansa, lambar buɗe salularsa tana cikin kansa. Duk abin da zai cece shi ya tara a kai guda, ga kan nan kwance a ƙasa.

Jaratu ta yi abin da ta sani. Ta yayyafa masa ruwa, ta tofa masa addu'a, ta murza masa man zafi. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta kira wanta Harisu, yana tsakiyar garka a Azarori. Ya tambaye ta wane gari suke, wace unguwa. Ta ce Baljik. Ya ce Baljik ƙasa ce, ba gari ba. Ta fashe da kuka. Harisu ya ce ta fita ta nemi mutane, shi kuma zai nemo lambar wani ɗan Adar da ke can.

Ta lalubo mabuɗi a aljihun mijin, ta buɗe ƙofa da hannunta karo na farko. Ta buga ƙofar maƙwabta, kowa ya tafi aiki. Ta sauka bene har ƙofar titi. Yana kwance yana jin takunta yana nisa, yana roƙon Allah ta haɗu da kowa ne, ko wane iri ne.

Ba a jima ba sai ga ta ta dawo da gudu, ta rufe ƙofa, ta durƙusa kusa da kansa tana haki.

Ta ce, "Maigida, kwantar da hankalinka. Motar 'yan sanda tana tsaye ƙofar gida, amma na ɓuya. Wallahi ba su gan ni ba."

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido. Ta sa bakin zane ta share, tana ba shi haƙuri.

Harisu ya bi ta Madawa, ya bi ta wani direba a Keita, ya bi ta dangin dangi a Buza, kafin a samo lambar Malam Isaka. Lokacin da dattijon ya iso da motar asibiti, rana ta yi sanyi. Likita ya ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa, kuma da an kawo shi da wuri da akwai abin da za a gwada. Ya rayu. Ɓarin jikinsa ya mutu, harshe bai dawo ba sai kalma ɗaya ɗaya. Aikin lodi ya ƙare. Tsohuwar da ke jiran aikensa a Azarori har yau ba a gaya mata duka gaskiyar ba. Jaratu ba ta guje shi ba. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, Ummusalma na raka ta ofis ofis tana koyon abin da ya kamata ta sani tun makon da ta sauka.

Wa ya kayar da mutumin nan? Ciwo daga Allah yake, babu mai musu. Amma wa ya kore masa taimako daga ƙofar gida? Ƙaryarsa. An ba shi amanar mace mai hankali, mai kai kaya kasuwa ta yi ciniki da manyan dillalai, ya mayar da ita abin ajiya. Ya zarge ta da laifin da ba ta yi ba, ya hukunta ta a kai, ya lulluɓe abin da sunan addini. Wane addini? Addinin da ya wajabta neman sani a kan mace da namiji? Addinin da ya haramta ƙarya da mummunan zato?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ku masu zaman shayi da ke cusa wa sababbin zuwa tsoron matansu, kuna da kaso. Ku iyaye da ba ku tambayar komai in dai an ce Turai, kuna da kaso. Mun iya rakiya har tasha, mun iya addu'ar sauka lafiya, amma babu mai tambayar ɗiyarsa ko ta san sunan garin da za ta.

Kai da ke shirin ɗauko iyalinka, fasfonta nata ne, takardar zamanta tata ce, bar su a hannunta. Ranar da ta sauka, kafin ka nuna mata tukunya, koya mata sunan titi da lambar gida da lambar gaggawa har ta haddace. Sa mata layi. Riƙe hannunta ku zaga unguwa, ta ga asibiti, ta ga masallaci, ta gaisa da maƙwabta. Kai ta ajin harshe ko da kana jin nauyi, ka haɗa ta da matan kirki na gida da suka riga ta zuwa. In kana tsoron kada ta san hanya ta gudu, to ba hanyar ce matsalarka ba, halinka za ka gyara. Ke kuma 'yar uwa, tambaya ba rashin kunya ba ce. Ki tambaya tun kina gidan ubanki.

A ƙasar da ba ka da uwa, ba ka da wa, matarka ce danginka duka. Ranar da ka faɗi, abin da ka bari ta sani shi kaɗai zai tashi ya nemo maka taimako.

Allah ya ba wannan bawa nasa sauƙi, ya yafe masa, ya saka wa Jaratu da alheri. Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda suka baro iyayensu suka biyo mu. Amin.