Manomin da Ya Gina Rumbu a Yini Ɗaya

Akwai wani manomi a wani ƙauye can gindin duwatsu, sunan ƙauyen ya ɓace mini yanzu. Wata shekara Allah ya sa wa gonarsa albarka, gero ya yi har ya rasa wurin ajiya. Dammuna suna jibge a ƙasa, gara kuwa ta soma ci. Sai ya tashi gina rumbu.

Ya kwaɓa jar ƙasa, ya tattake ta da ciyawa. Ƙasar ba ta da laifi ko kaɗan. Amma al'adar magina ita ce a ɗora zagaye ɗaya, a bar shi ya sha rana, kashegari a ɗora wani. Shi kuwa bakwai ya ɗora a yini guda.

Gwaggonsa, wata tsohuwa, ta zo wucewa. Ta danna yatsa a jikin ginin, yatsan ya nutse. Ta ce, "Ɗana, rumbu kake ginawa ko tuwo kake tuƙawa?"

Ya ce, "Gwaggo, gara ba ta jira."

Kashegari ginin ya zube.

Manomin ya ɗage geronsa bisa duwatsu, ya soma daga fari, zagaye ɗaya kowace rana. Gara ta ci rabonta, amma sauran hatsin ya tsira. Rumbun nan na gan shi da idona bayan shekaru masu yawa, jikokin mutumin suna zuba hatsi a ciki. Na daɗe tsaye ina kallo. Ƙasa ce fa, wadda muke takawa!

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana: ƙasar, kalmomin Turanci ne da kuka tara. Zagaye ɗaya, jimla ɗaya ce. Tsoron jarrabawa yakan sa ɗalibi ya jibga manyan kalmomi a kan juna, malami ya karanta ya rasa abin da ake nufi. Kada ku yi haka. Ku rubuta jimla ɗaya gajera. Ku tambaye ta: wa ya yi, me ya yi, yaushe? In ta amsa, ku sa aya, sa'an nan ku ɗora ta biyu.

Ku tuna da Mahaliccinmu. Yana da ikon gama kome cikin ƙiftawar ido, duk da haka ya yi halitta da maganarsa bi da bi, haske da ranarsa, teku da tata. Su wane ne mu da za mu fi shi sauri?