Tsohon Firjin Da Ke Sito

Akwai wata mata mai suna Scholastica da ke aiki a wani ɗakin binciken amfanin gona a Kafanchan. A ƙuryar sitonsu akwai tsohon firji da aka yi shekaru ba a kula shi ba.

Wata Litinin da safe ta tarar leburori sun jawo shi waje. Shugaban ɗakin binciken, Dakta Kumai, ya ce gidansa za a kai shi, matarsa ta riƙa sa zoɓo.

"Oga, a bari in gwada shi tukuna," in ji ta. "Masu binciken da suka yi aiki a nan a da sun taɓa ajiye sinadari mai radiyeshan a ciki. Gubarsa ba ta da wari, ba a ganinta."

Ya yi dariya. "Madam, digirina uku. Ke za ki koya mini aiki?"

Ta ɗauko na'urar awon radiyeshan, ta matsa kusa.

Tak... tak... tak.

Tana buɗe ƙofar, ƙarar na'urar ta haukace kamar ruwan sama a kan kwano. A can ƙasa ga wata 'yar kwalba a tsage. Ta juya wajen leburorin da Dakta, ta ce:

"Kada kowa ya motsa. Ku miƙo hannuwanku."

Ta auna leburorin, na'urar ba ta nuna komai ba. Ta zo kan agogon hannun Dakta, na'urar ta sake ɗaukar kuka.

"Oga, yaushe ka sa hannu a ciki?"

Ya ce, "Ranar Juma'a. Na cire tiren ƙasa... yana gidana."

Ya kasa danna waya, ita ta kira matarsa, Mama Milka.

"Mama, ina tiren nan?"

"Ga shi nan, 'yata. Yanzu na zuba wa jikokina gyaɗa a ciki, sai sun dawo daga makaranta."

"Don Allah kada ki taɓa shi! Ki fita, ki kulle kicin ɗin!"

"Yesu!" in ji Dakta, ya zauna daɓas a ƙasa.

Washegari ƙwararru suka zo daga Abuja cikin fararen kaya har fuska. Suka naɗe firjin da tiren da gyaɗar, suka tafi da su. Yaran ba su ci ko ƙwaya ɗaya ba. Dakta da matarsa kuwa, har yau asibiti na gwada jininsu duk wata uku.

Darasi: Girman kai ba ya hana haɗari shiga gidanka. In na ƙasa da kai ya ce a dakata a duba, ka saurare shi. Ku tura wa wasu, wataƙila ku ceci wani gida.